Shekarar da Na Kira Surukina da Sunansa

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku idan ba na kusa. Wasunku suna cewa mijin yayarku girman kai gare shi, tunda ya samu babban aiki ya rage taka ƙofar gidan nan. Wasu kuma suna cewa ni ne mai riƙo. Ƙananan cikinku ba su ma san abin da ya faru ba, sun dai tashi sun tarar ana sassauta murya duk lokacin da aka ambaci lambunan bakin tabki. Na gaji da jin ana ɗora wa bawan Allah abin da ba nasa ba, shi ya sa na ce bari in rubuta muku wannan tun hannuna yana iya riƙe alƙalami. Ba zan sake jera muku makarantun da na yi da garuruwan da aka kai ni aiki ba, kun ji su har kun gaji. Shekara guda ce zan tsaya a kanta. Amma kafin mu kai gare ta sai kun san irin karatun da na yi, don shi ne ya haɗa ni da Lawali, kuma a kansa muka yi karo.

Lokacin da na tafi Yamai, falsafa aka rubuta ni in karanta, amma abin da ya kama zuciyata a cikinta shi ne sashen da ke magana a kan mulki. Muna da wani tsohon malami, siriri, mai yawan tari. Ranar da ya fara shigowa ajinmu ko gaishe mu bai yi ba, sai ya nuna ɗaya daga cikinmu ya ce ya tashi ya rufe taga. Yaron ya tashi ya rufe. Sai tsohon ya tambaye shi don me ya bi umurninsa, alhali bai haife shi ba, ba ya ciyar da shi, kuma in kokawa za a yi shi yaron zai kada shi. Muka yi dariya. Ya ce mu gama dariyar a tsanake, don wannan tambaya ita ce duk karatun da muka zo yi. Daga nan ya ɗauke mu ya kai mu wajen mutanen Girka na da, waɗanda garuruwansu ba su fi namu girma ƙwarai ba, suna zama a dandali suna gardama ko mutum ɗaya ya kamata ya riƙe gari, ko ƴan kaɗan masu sani, ko kowa da kowa. Ya kawo mu wajen malaman Musulunci da suka rubuta cewa mulki amana ce da za a tambayi mai riƙe da ita, kuma ba ya daɗewa in babu adalci. Sannan ya kai mu ga waɗanda suka zo daga baya suka ce mulki yarjejeniya ce: mutane ne suka yarda su ajiye wani abu na son ransu don su zauna lafiya da juna, wanda kuwa ba a nemi yardarsa ba, ba a da ikon a ɗaure shi da abin da wasu suka ƙulla. Wannan na ƙarshen shi ne ya zauna mini a kai. Ni ɗan bakin tabki ne, na tashi ina ganin ana zuwa daga nesa ana gaya mana abin da za mu yi, ban taɓa tunanin akwai mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna tambayar ko hakan daidai ne ba.

Da na dawo na kama koyarwa, fari a Maraɗi, daga baya aka maido ni gida Madarumfa. Wasu shekarun sojoji ne a kan mulki, ana koyar da irin wannan darasi da murya ƙasa-ƙasa, wasu shekarun kuma ana sakewa. Amma kowace shekara da dabarar tagar nan nake buɗe aji, kuma kowace shekara yaron da na nuna sai ya tashi ya rufe. Yaro ɗaya ne kawai ya saɓa. Ɗan wani direba ne mai ɗaukar kaya tsakanin Maraɗi da Jibiya, baƙi, mai manyan kunnuwa. Na ce ya tashi ya rufe taga, sai ya dube ni yana daga zaune, ya kira ni yadda ake kiran malamin boko a nan, ya ce:

"Mushe, in na ƙi fa?"

Wannan shi ne Lawali. Tun daga ranar ya zama kamar ɗan gida. Yakan biyo ni bayan an tashi lakwal, wato makaranta, mu zauna a zaure muna gardama har innarku ta aiko da abinci, ya ci ya ci gaba da musu da bakinsa cike. Ya tafi Yamai, daga can ya samu tallafi ya wuce waje. Da ya dawo ya zo gaishe ni, na tambaye shi me ake karantawa yanzu a fannin namu. Ya yi murmushi ya ce karatun ya tashi daga gidan falsafa tuntuni, ya yi nasa gida. Fari ya zauna da masana shari'a, aka yi ta nazarin yadda ake tsara ma'aikatu da wa ke ƙarƙashin wa. Daga baya ya koma hannun masu ƙirga, waɗanda ke bi gida-gida suna tambaya, suna auna wannan ƙasa da waccan, su ga wane tsari ne ke kai ruwa da magani ga mutane, wane ne ba ya kaiwa. Ya ce yanzu ba a cika ɓata lokaci a kan wa ya cancanci mulki ba, ana duba abin da mulkin ya haifar ne. Na ji wani iri a raina, kamar mutumin da aka gaya wa an daina cin kasuwar garinsu. Amma ban musa ba, don na san mu mutanen zamaninmu muna iya zama gindin itace mu tattauna adalci har shayi ya ƙare, ba mu gina wa kowa rijiya ba.

Ba a daɗe ba iyayensa suka zo neman auren yayarku. Ban taɓa ba da abu da farin ciki kamar ranar ba. Sai dai ban lura da abin da zan rasa ba sai da aka ɗaura. Daga ranar sunansa ya fita daga bakina, kamar yadda na yayarku bai taɓa shiga ba, tunda ita ce ta fari. Shi ma ya daina ce mini Mushe, ya koma Baba. Yakan tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa, mu gaisa kowa na duban ƙasa, ya tashi ya tafi. Gardamar nan tamu ta mutu. Haka al'ada ta ce, kuma ban ga laifinta ba, amma na yi kewar abokin musu.

Shekarar da nake nufi, na riga na ajiye aiki. Wani furoje, wato shirin raya karkara, ya zo da kuɗi daga waje don a sa injinan ban ruwa a gefen tabki ta wajen ƙauyenmu, inda aka haife ni, a haƙa magudanai, mutane su riƙa noma rani sosai maimakon bin ruwa yana janyewa ana dasa ɗan abin da ya samu. Lawali aka ba jagorancin aikin, don ɗan yankin ne kuma ya san mutane. Sharaɗin da aka gindaya daga sama, ba shi ya rubuta shi ba, shi ne a haɗe filayen gefen nan gaba ɗaya, a sake yanka su daidai wa daida, a ba kowane maigida wanda zai zauna duk tsawon rani ya yi aikin da kansa. Kuma sai mutanen gari sun taru sun yarda kafin wani wa'adi, in ya wuce a kai kuɗin wani wuri. A takarda abin ya yi kyau. Amma duk wanda ya san ƙauyukanmu ya san cewa da an gama girbi, gidaje da yawa mazansu Najeriya suke tafiya ci-rani, ba sa dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. Mata da tsofaffi ne ke riƙe lambunan. Ɗaya daga cikin gidajen nan shi ne na gwaggonku Rabi, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta maza suna Kano da Legas, ita da surukanta mata ke dasa tumatir da albasa da zogala a filin da babanmu ya bari.

Taron farko ban je ba, ban ma san ranar ba. Washegari da hantsi sai ga Rabi ta shigo gidan nan hannu sake, ita da ba ta zuwa sai da ƙullin zogala ko busasshen kifi. Ta zauna a tsakar gida tana magana da innarku, amma da ƙarfin da zan ji daga ɗaki. Ta ce mazan da ke gari sun ɗaga hannu sun yarda. Wani tsoho ya tambaya, to waɗanda ba su nan fa? Sai Lawali ya amsa cewa abin da mafi yawan jama'a suka yarda da shi ya hau kan kowa, kuma wannan ba ra'ayinsa ba ne, a ajin Mushe Isufu ya koye shi, wanda duk kun sani. Da aka ji sunana sai kowa ya yi shiru. Na fito na tsaya bakin ƙofa. Rabi ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Yaya, ashe da karatunka za a fid da ni daga lambun Baba."

Abin da ya fi ƙona ni shi ne ba ƙarya yaron ya yi ba, na koyar da hakan, da bakina, shekara da shekaru. Kwanakin da suka biyo baya fita ta zame mini wahala. In na je masallaci sai wani ya riƙe hannuna ya ce sun gode da goyon bayan da na ba aikin. In na bi ta kasuwa sai matan ƙauyenmu masu sai da ganye, waɗanda suka saba tsokanata da ɗan boko, su duƙar da kai su kama gyaran kayansu har in wuce. Na zama mutumin da aka ara sunansa aka rufe bakin ƴan uwansa da shi.

Innarku ta ce kada in kuskura in tunkare shi da kaina, suruki ba ya haka, in aika. Na aiki abokina Alhaji Sani, wanda ya karɓi auren tun farko. Ya dawo da amsa mai ladabi. Lawali ya ce in yafe masa ambaton sunana da ya yi, bakinsa ne ya riga shi. Ya ce ya san da maganar matan, tana hana shi barci, amma hannunsa a ɗaure yake. In aka taɓa sharaɗin yanzu sai an mai da takardu waje, wa'adi kuwa ba zai jira ba. Niyyarsa a bari injinan su iso tukuna, in sun zauna sai ya nemi hanyar shigar da gidajen da aka bari. Na aika wa Rabi da wannan amsa. Ta ce a gaya mini ita ba ta yi lakwal ba, amma ta san in aka tuge turakun iyaka aka haƙa magudana, babu mai sake sanin inda filin wani ya tsaya, kuma wanda aka ba fili ya zuba taki a ciki ba zai mayar ba don an ce masa daga baya.

Ana cikin haka yayarku ta zo, da tsohon ciki. Ba ta zo wajena ba, ɗakin innarku ta shiga, ni ina zaune a inuwar bango ina jin su. Ta ce wannan ne babban aikin farko da aka damƙa wa mijinta, in ya lalace a hannunsa ba za a sake yarda da shi ba. Ta ce ba ya cin abinci. Sannan na ji ta ce:

"Inna, ki ce wa Baba ya bari. Shi ma ɗansa ne."

Innarku ta fito ta same ni, ba ta maimaita ba, ta san na ji. Ta ce kawai in tuna ƴa tawa ce, ƙanwa ma tawa ce, duk inda na juya jinina zan taka, saboda haka in zauna gida in bar wa Allah.

Aka sa ranar taro na biyu, wanda za a tabbatar da yardar gari a gaban manyan furojen da suka zo daga Yamai. Na gaya wa kaina zan je in zauna ne kawai, don a ga fuskata a san ban ɓuya ba. An yi taron a ƙofar Maigari, ƙarƙashin itatuwa, da sanyin safiya. Maza suna zaune kan tabarmi, mata suna tsaye can baya wajen danga, Rabi a cikinsu. Da Lawali ya hango ni sai ya bar baƙinsa ya taho, ya tuɓe takalmi a gaban jama'a, ya durƙusa ya gaishe ni, ya sa aka kawo mini kujera a sahun gaba. Ya yi ne don girmamawa, na sani. Amma da babban baƙon ya tashi jawabi sai ya nuna ni ya ce abin alfahari ne a ga tsohon malamin da ya koya wa yankin nan ma'anar yardar jama'a yana zaune tare da su a wannan rana. Aka tafa. Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na waiga baya, na ga Rabi ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Lawali ya karanta sharuɗɗan, ya yi bayani mai kyau, don ya iya magana. A ƙarshe ya tambaya ko akwai mai ja, irin tambayar da ake yi don a cika ƙa'ida. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne:

"Lawali."

Ku da kuka tashi a wannan zamani wataƙila ba za ku gane nauyin abin ba. Tsofaffin da ke kan tabarma suka sunkuyar da kai kamar an yi ɓatanci. Maigari ya kama duban yatsun ƙafarsa. Lawali kuwa ya sauke abin maganar da ke hannunsa, ya haɗa hannuwa a gaba, ya tsaya kamar yadda yake tsayuwa a aji. Ni ma muryar aji ce ta zo mini. Na tambaye shi gida nawa ne a garin nan mazansu ke Najeriya a yau. Na tambaye shi ko an aika musu, ko an tambayi matan da ke tsaye can baya, waɗanda hannunsu ne ke cikin laka kowace rani. Na ce gaskiya ne na koya masa cewa abin da mafi yawa suka yarda ya hau kan kowa, amma rabin darasin ke nan. Sauran rabin shi ne sai an kira kowa an ji ta bakinsa. Wanda aka kira ya faɗi nasa aka rinjaye shi, wannan ya yi haƙuri. Wanda ba a kira ba, ba a rinjaye shi ba, ƙwace aka yi masa. Na ce in da sunana aka ƙulla wannan abu, to na zo in zare sunana.

Bai ɗago ido ba. A hankali ya ce:

"Baba, in muka jira damina, kuɗin sun tafi."

Na ce: "To, su tafi."

Bai ƙara cewa komai ba. A nan ne abin da nake so ku fahimta yake. Na san Lawali, na san kansa. Yana da amsa. Yana iya tambayata ko ni na tambayi mutanen da za su kwana da yunwa in injinan ba su zo ba. Yana iya kawo mini misalin garuruwan da aka yi irin wannan aiki aka gyara daga baya. Da a zauren gidan nan ne, kafin aure, da mun kai la'asar muna fafatawa, kuma ban tabbata ni zan yi nasara ba. Amma a gaban jama'a, ga uban matarsa tsaye da furfura, kunya ta ɗaure masa baki. Ba hujjata ce ta kada shi ba, surukuta ce. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina koya wa yara su tambayi don me za su bi umurnin wani, ranar da ta zo kaina sai na yi nasara da irin ikon da ba a iya tambayarsa. Tun ina tsaye a wurin na gane haka, kuma na ji kunyar da ban taɓa ji ba, ta fi wadda na zo da ita.

Baƙin suka yi shawara a tsakaninsu suka ce ba za su sa hannu a kan abin da ake jayayya a kansa ba, a jira masu ci-rani su dawo. Aka watse ba wanda ya tafa. Ban jira kowa ba, na kamo hanyar gida da ƙafa ta bakin tabki. Innarku ta riga ta ji kafin in iso. Ta ajiye mini ruwa ta koma ɗaki, ta yi kwanaki maganarmu ba ta wuce gaisuwa ba.

Wa'adi ya wuce. Aka ɗauke aikin aka kai wani gari a kan hanyar Maraɗi. Da ruwa ya sauka masu ci-rani suka dawo, wasu suka zo har gida suka yi godiya. Amma ba duka ba. Hamisu, babban ɗan Rabi, ya zo ya gaishe ni ya zauna, sannan ya ce shi ya gaji da dakon kaya a Legas, da injinan sun zo da ya nemi ko aikin ƙodago ne a lambun wani ya zauna kusa da ƴaƴansa. Ya ce ya ji an ce na tsaya musu don ba a tambaye su ba. Sai ya ƙara da cewa:

"Kawu, ai ku ma ba ku tambaye mu ba."

Ba da rashin kunya ya faɗa ba. Rabi dai ta riƙe lambunta har ta koma ga Allah, tana aiko mini da zogala kamar da, ba ta taɓa tada maganar ba, ko da godiya ko da akasinta. Lawali kuwa aka ɗauke shi aka tura shi can gabas mai nisa, wani ƙaramin aiki da kowa ya san horo ne. A can yayarku ta haihu, ba innarku a kusa. Da saƙon suna ya iso aka ce sunana aka sa wa yaron, sai na shiga ɗaki na rufe ƙofa, don ban san inda zan sa fuskata ba.

Daga baya Allah ya ɗaga shi, ya kai inda kuka san ya kai. Bai taɓa yanke zumunci ba. Kowace salla saƙonsa na zuwa, duk rasuwar da aka yi a dangi yana cikin na farkon isowa. Amma in ya zo gaisuwa ce a bakin zaure, shi yana duban ƙasa ni ina duban ƙasa, kowa na neman ta ƙare. Ku kuna ganin gajeriyar gaisuwa kuna cewa girman kai. Shi yana ganin ya jawo sunana cikin abin da ya sa na tozarta a gaban ƙanwata. Ni ina ganin na tsinka shi a gaban manyansa ta hanyar da ba zai iya kare kansa ba. Har yau in aka tambaye ni ko abin da na faɗa a taron gaskiya ne, zan ce gaskiya ne. In aka tambaye ni ko garinmu ya ci riba da faɗarsa, ban sani ba.

Bara da idona ya matsa mini, likita ya ce sai an yi aiki a Maraɗi. Ranar da aka sallame ni duk kuna wajen ayyukanku, shi kuma ya zo gari wani taro, sai yayarku ta ce ya maido ni gida. Ya sallami direbansa ya karɓi tuƙin da kansa. Na zauna gaba, ido ɗaya a rufe da auduga. Muka fito gari muka kama hanya. Da muka kusa garin nan da aka kai injinan sai na ji ya ƙara wuta, ya kuma fara tambayata ko idon na ciwo, don in juyo wajensa. Na gane abin da yake yi. Na ce ya rage gudu, ina so in gani. Ya rage, har ya gangara gefen hanya ya tsaya. Tsakiyar rani ce, ko'ina ya bushe, amma nan kore ne shar har inda idona ɗaya ya iya kaiwa, albasa da kabeji da masara, ruwa na gudu a magudanai, samari suna lodin buhuna a mota. Na daɗe ina kallo. Na ce masa aiki ya yi kyau.

Ya ce ya yi kyau. Sannan ya ce a nan ma an yi alkawarin za a shigar da gidajen masu ci-rani daga baya, shi da kansa ya bi maganar shekaru, ba a shigar da su ba. Yawancinsu sun kwashe iyalansu sun koma Najeriya gaba ɗaya, gidajensu suna nan bayan masallaci sun rushe. Ya ce in ina so ya kai ni in gani. Na ce a'a, na yarda.

Muka ci gaba da tafiya. Da muka iso ƙofar gida ya zagayo ya buɗe mini, ya riƙe hannuna har bakin zaure, ya sunkuya zai tuɓe takalmi ya yi sallama irin ta kullum. Na ce masa rana ta yi zafi, ya shigo daga ciki ya sha ruwa. Ya ɗan tsaya, sannan ya shigo. Innarku ta shimfiɗa mana tabarma ɗaya, ta kawo fura, muka sha, bai tafi ba sai bayan la'asar.